Kwalba Shida a Motar Suruki

Idan ka shiga Bagudo ka ce a nuna maka garejin Ɗanaudu, kada ka tsaya neman gini ko allo mai suna. Iccen dogon-yaro za a nuna maka a bayan tasha, da rami ƙarƙashinsa, da wani siririn dattijo zaune a bakin ramin ya zura ƙafafu ciki kamar mai jiran kwale-kwale. To ka iso. Ƙasar wurin ta sha baƙin mai shekara talatin da ɗoriya, har ta kai in ka damƙo ta ka matse, abin da zai ɗigo ya isa ya tayar da injin niƙa. Awaki ma sun san wurin, in sun zo wucewa kewayewa suke yi.

A Bahindi aka haife shi, gidan noma. Ubansa ya yi fama ya yi fama ya riƙe fartanya, shi kuwa da ya ji kukan mota a hanya sai ya yar ya bi ta da kallo har ta ɓace. Abu ɗaya ya ɗauko daga gidan nan, wurin uwarsa. Ita mai awon gero ce a kasuwa. In ta cika maka mudu sai ta tula har ya yi tozo, ta ƙara da tafin hannu, in ka juya za ka tafi ta sake kiran ka ta watsa wani a bakin buhu. Har ta koma ga Allah ba ta tara komai ba sai suna. Wannan hannu Ɗanaudu ya gada kaf. Ko shayi ya zuba maka, sai ka fara shanye na cikin faranti kafin ka kai ga kofi.

Yana saurayi ya bi wata motar albasa ya ƙetare iyaka, ya ɓace shekara bakwai a Malanbil wurin wani tsohon makanike cikin Dandawa. Ya dawo da yaren Dandi wanda bai wuce na zagi da na neman abinci ba, da sifanu cikin buhu, da sanin Fijo. Sanin Fijo kuwa ba na wasa ba. Mota tana can nesa ko ganin ta ba a yi ba zai karkata kunne ya ce ta wane ce, kuma kulocinta ba zai kai Juma'a ba. Sai ka gan ta ran Laraba ana turo ta.

Man giya kuwa bai taɓa tambayar kowa nawa mota take sha ba. Abin da maigidansa ya koya masa shi ne: ka shiga rami, ka kwance noti na gefen akwatin giya, ka yi ta ɗura mai har ya fara hawaye ta ramin notin, ka zura ƙaramin yatsa ka ji ya jiƙe, ka ɗaure. Motar da kanta take faɗa maka ta ƙoshi. Ba kwalba, ba lita, ba karatu. Da wannan ƙaramin yatsa ya yi aure, da shi ya yi gini, da shi ya aurar da 'ya'ya huɗu. Yatsan ya yi baƙi ya murɗe, ko sabulun duniya aka tara ba zai fita ba.

Sai zamani ya juya masa baya a hankali, ba tare da sallama ba. Aka rufe iyaka wani lokaci, direbobi suka zauna, Fijo suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta fi sa'a a cikinsu kaji ke ƙwai a kujerarta yanzu. Da hanya ta sake buɗewa sai ga wasu motoci na shigowa daga Kwatano, masu abin takawa biyu kacal, ba kuloci, su ke canza wa kansu giya kamar masu aljanu. Direbobin da Ɗanaudu ya raina da hannunsa suka saye su, suka koma kai su can wurin masu na'ura a Birnin Kebbi. In sun zo wucewa ta gaban dogon-yaro sai su danna masa oda, ya ɗaga hannu, shi ke nan cinikin ranar. Ya koma gyaran injin ban-ruwa na masu shinkafa da injin markaɗe na mata. Ga baya ya fara ciwo, ga idanu sun fara hazo. Maganar idon nan ko matarsa Saratu bai gaya wa ba. In aka miƙo masa takarda sai ya ce hannunsa da mai, a karanta masa.

Duk wannan bai ci masa rai ba kamar motar Saifuddeen.

Saifuddeen shi ne mijin Bashira, 'yarsa ta fari. Ita Bashira tun da aka haife ta Ɗanaudu bai taɓa kama sunanta ba, "waccan yarinyar" yake cewa, ko da yake yanzu 'ya'yanta uku. To balle mijinta. Shekara tara da auren, amma maganar da ta taɓa shiga tsakanin su biyun, in aka tara ta, ba za ta cika kwalin ashana ba. In sun yi kiciɓis a hanya, Saifuddeen zai tuɓe takalmi ya durƙusa ya gaida ƙasa, Ɗanaudu ya amsa wa reshen icce, kowa ya kama gabansa yana gumi. Mutumin kirki ne Saifuddeen, mai sanyi, mai son karatu, ko takardar da aka ƙunsa masa ƙosai sai ya karance ta kafin ya yar. Bara ya sayi doguwar mota ruwan toka, irin masu canza giya da kansu, yana jigilar fasinja daga Bagudo zuwa bakin iyaka. Wata takwas yana aiki da ita, ko iska bai taɓa zuwa an duba masa ƙarƙashin dogon-yaro ba.

Kuma tasha ta lura. Mai tuna masa kullum shi ne Arzika, ɗan gwaggonsa kuma abokin wasansa, wanda ke da teburin sayar da mai a kwalabe dab da ramin.

"Ɗanaudu, ga surukinka can ya wuce. Ya duƙe bayan sitiyari kamar mai satar kaza."

"Hanya ta gwamnati ce."

"Awo, ta gwamnati ce. Amma jiya na ji direbobi na hwaɗin, makaniken da mijin ɗiyatai bai yarda da shi ba, su mi za ya kai su?"

Ɗanaudu ya ci gaba da goge wani fulogi da ya riga ya goge sau uku. Ya san gaskiya ce. Ya kuma san da motar nan za ta shiga raminsa sau ɗaya ta fito lafiya a idon tasha, da an daina yi masa kallon tsohon kaya. Sau ɗaya kawai yake nema. Amma ta yaya mutum zai buɗe baki ya roƙi surukinsa?

Dutse ne ya yi masa roƙon. Wata ranar bazara da hantsi, Saifuddeen na dawowa daga Tsamiya, ya faɗa wani kwazazzabo, dutse ya daki kwanon da ke ƙarƙashin giya ya tsaga shi. Motar ta shigo gari tana zubar da jan mai kamar an yanka rago a ciki, ta zo daidai bayan tasha ta ce ba ta ƙara taku. Birnin Kebbi ta yi nisa, ga gobe kasuwar Dole Kaina, fasinja sun riga sun kama kujeru. Direbobi suka taru suka tura ta, ba su tsaya ko'ina ba sai bisa ramin Ɗanaudu.

Saifuddeen ya tuɓe takalmi ya tsuguna can gefe, bayan teburin Arzika. Ɗanaudu ya miƙe, gwiwoyinsa suka yi ƙara kamar ana karya kara, ya dubi sama ya ce, "Arzika, tambayi mai motar ga, mi ya same ta?"

"Kana gani tana zubar da jini kana tambaya. Saifuddeen, wai mi ya same ta?"

"Dutse ne, Baba Arzika."

"Ya ce dutse na. Ya ce kuma tun tuni yake son kawo ta, kunya ta hana shi."

Saifuddeen bai faɗi haka ba, amma bai musa ba.

Ranar Ɗanaudu ya yi aiki irin na da. Ya sauka rami ya kwance kwanon da lalube, notuna goma sha takwas, ko ɗaya bai ɓata ba. Ya wanke shi da fetur, ya kai aka yi masa walda yana tsaye a kan mai waldar, ya yanka sabon gasket na hana yoyo da hannunsa, ya mayar ya ɗaure. Direbobi sun kewaye ramin suna kallo. Har wani ya ce, "Tsoho dai tsoho ne." Ɗanaudu ya ji maganar ta ratsa shi har bayansa ya daina ciwo na ɗan lokaci.

Sai aka zo zuba mai. Ya shafa gefen akwatin giyar yana neman notin da ya sani, babu. Ya shafa ɗaya gefen, babu. Ya fito daga rami yana goge hannu a hankali kamar da ma ya gama abin da yake yi a can. Allah Ya taimake shi, Saifuddeen ya riga ya lallaɓo ya buɗe bonet, ya zare wani dogon geji na awon man giya, mai jan kai, daga bututunsa ya ajiye a kan batir, ya koma ya tsuguna. Ɗanaudu ya gane ta nan ake ɗurawa. Ya ɗauki gejin ya duba. An ce akwai zane-zane a jikinsa. Shi dai ƙarfe ya gani mai sheƙi. Ya ajiye.

Saifuddeen ya sayi jan mai kwalba huɗu wurin Arzika, lita-lita. Ɗanaudu ya kafa mazurari ya fara. Ta ɗaya ta shige, ta biyu, ta uku. Da ya kai rabin ta huɗu sai Saifuddeen ya yi gyaran murya, ya matsa kusa da Arzika ya yi ƙasa da murya.

"Baba Arzika, a littafin motar na ga kamar an ce, in kwano kawai aka kwance, uku da rabi take ɗauka. Sauran yana can ciki bai zube ba. Sai a tayar da ita ta yi zafi a duba geji. Ban sani ba dai, ko da za a..."

Arzika ya juya ya ɗaga murya. "Ɗanaudu, yaron ga ya ce kar ka wahal da kanka, uku da rabi ma sun ishe shi."

Ɗanaudu ya tsaya da kwalba a hannu. Wannan magana ya san ta. Ita ce maganar baƙo in an ajiye masa tuwo ya ci loma biyar ya ce alhamdu lillahi ya ƙoshi. Wane mai gida ne zai ɗauke kwano don baƙo ya ce ya ƙoshi? Yaro mai kunya, yana tausayin tsoho, yana kuma tattalin mai. A ce mijin waccan yarinyar ya zo wurinsa karo na farko cikin shekara tara, a gaban tasha duka, ya tafi da mota rabin ciki? Ga bututun ma ko alamar cika bai nuna ba.

"Ce masa na ji," in ji Ɗanaudu. Ya juye sauran ta huɗun. "Miƙo min biyu cikin naka, Arzika. Wagga tawa ce, ba tashi ba."

Saifuddeen ya buɗe baki, ya rufe. Ya sake buɗewa, ya dubi direbobin da ke tsaye, ya dubi furfurar surukinsa, ya rufe. Ya zauna yana kallon kwalba ta biyar tana shiga, ta shida tana bi, kamar mai kallon ana yi wa ɗansa kaciya. Da aka gama ya ce, "An gode, Allah Ya ƙara girma." Har ransa ya yi niyyar in ya je gida ya rage da kansa. Amma gidansa Bashira na ciki, kuma ƙofar gidan a bakin hanya take. Wa zai ga miji na zubar da kyautar uban matarsa a kwata? Ya ce wa kansa wataƙila littafin ne ya cika tsoro.

Aka tayar da mota ta kewaya tasha sau biyu lafiya lau. Direbobi suka yi ta sa albarka. Wani har ya ce jibi zai kawo tasa. Ɗanaudu ya koma gida da la'asar yana tafe kamar an rage masa shekara goma, ya ci tuwo malmala uku, Saratu na kallonsa tana mamaki.

Washegari rana ta fito da fushi. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya yana kwance wani injin ban-ruwa sai ga Saratu da kanta, da mayafi a karkace, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Malam, waccan yarinyar ta kira ni."

"Lafiya?"

"Ta ce mijinta ne ya kira ta. Ya ce ta ce min in ce maka, wai ba wani abu ba ne, kar hankalinka ya tashi. Motar ce ke hayaƙi, ta ƙi tafiya, suna cikin daji da mutum tara."

Ɗanaudu ya ajiye sifana. Ya ɗauki buhun kayan aiki, ya tsaya kemis ya karɓi robar ƙarin ruwa guda, don jikinsa ya riga ya ba shi, ya hau kabu-kabu. Tafiyar nan ramukan hanya sun ƙirga masa ƙashin baya ɗaya-ɗaya, suka sake ƙirgawa don kada a yi kuskure.

Ya same su an wuce gonakin shinkafa, saura kaɗan a hango iyaka, wurin da ko inuwar kirki babu sai wata ƙaya guda. Motar na gefen hanya bonet a buɗe, ƙarƙashinta ja-ja, wari kamar an ƙona roba. Fasinja sun cushe ƙarƙashin ƙayar. Saifuddeen na ganin sa ya tuɓe takalmi a kan yashin da zai iya gasa ƙwai, ya durƙusa.

Wata mata ce ta tarbe shi, ƙatuwa, ta kai shekarunsa, da ɗaurin ɗankwali irin na mutanen ƙetare. Fatimata sunanta, tumatir take kaiwa kasuwa, kwando shida a bayan motar.

"Kai ne makaniken? Sannu da zuwa, mun gode da anka tuna da mu. Tun ɗazu nake tambayar direban ga wa ya taɓa motar, ya ce ƙaddara ce. Na ce ƙaddara ba ta riƙe sifana. Tumatirina na can na zama miya."

Ɗanaudu ya wuce ta ya leƙa. Man ya yi kumfa kamar an kaɗa nono, ya yi ambaliya ta bututun geji da ta wata 'yar kafar numfashi, ya zuba bisa salansa, shi ne hayaƙin. Ya yi yawa, ƙarafan ciki sun yi ta dukan sa har ya zama iska, giya ta rasa abin kamawa. Ba sai an gaya masa ba. Ya tsaya ya dafa motar da hannu biyu. Kwalba biyun nan da ya ƙara da alfahari su ne a ƙasa, kuma in giyar ta ƙone, abincin gidan waccan yarinyar ne ya ƙone.

Ya dubi ƙayar ya ce, "Hajiya, tambayi mai motar, da ta fara sulɓewa ya matsa mata, ko ya tsaya?"

Fatimata ta dube shi, ta dubi Saifuddeen da ke taku uku daga nan. "Kurma ne?"

"Surukinai ne," in ji wani fasinja daga inuwa.

"La ilaha illallahu. Yau mun shiga uku. Kai direba, wai ka matsa mata?"

"Tana fara yi na kashe ta, Inna."

"Ya ce ya kashe ta. Kai ma ka ji, kunnenka ya fi nawa kusa."

Ɗanaudu ya sauke numfashi. Aka jira man ya huce kumfar ta kwanta, jiran da ya ishi mutum ya yi aski ya sake tara gashi. Sannan ya zura robar ƙarin ruwan cikin bututun, ya gangara cikin kwarin gefen hanya da kwalbar ruwa da babu komai ciki, ya kafa baki ya zuƙa. Man ya zo masa da ɗumi ya cika baki. Ya tofar, gemunsa ya yi ja kamar wanda ya ci goro kwarya guda. Robar siririya ce, man na ɗiga kamar ana roƙon sa. In ya tsaya sai ya sake zuƙa. Saifuddeen ya zabura zai karɓa, Ɗanaudu ya ɗaga masa hannu ba tare da ya dube shi ba.

Fatimata ta tsuguna bisa kansa tana fifita da bakin zane. "Wai nawa kunka ɗura mata?"

Ɗanaudu ya ci gaba da zuƙa.

"Direba, nawa?"

"Shida, Inna."

"Nawa take sha?"

Saifuddeen ya dubi yatsun ƙafarsa. "Uku da rabi."

"Kana wurin?"

"Ina wurin."

"Da bakinka?"

Ta tafa hannu. "To wallahi ku biyun ku ka biyan tumatirina da kunyarku. Ni ma ina da surukai, amma in na ga za su zuba min gishiri a kunu sai in yi magana."

Kwalba ta cika, aka juye a wata jarka, ta sake cika, aka fara ta uku. Da ta kai rabi Ɗanaudu ya zare robar ya hauro da rarrafe. Ya ce a ce wa mai motar ya yi yadda littafin nasa ya ce. Saifuddeen ya tayar da ita, ya bar ta ta yi zafi, ya taka birki ya zagaya da hannun giya gida-gida ya mayar, ya fito ya bar injin na aiki. Ɗanaudu ya zare gejin ya goge da gefen riga, ya mayar, ya sake zarowa. Ya ɗaga shi sama. Ya kawo shi kusa da hanci. Ya miƙar da hannu can nesa. Ya juya wa rana baya. Mutum goma na kallonsa, inji na ruri, shi kuwa ƙarfe kawai yake gani yana rawa cikin hazo.

Zai iya cewa ya yi. Ba wanda zai musa, balle wancan da ke tsaye ba takalmi.

"Hajiya," ya ce, "ce masa..."

"A'a. Na yi murabus. Ga ka ga shi."

Ɗanaudu ya sauke gejin. Sannan ya juya, karo na farko cikin shekara tara, ya dubi mijin 'yarsa a fuska. Ashe ma yana da ɗan tabo a gira.

"Saifuddeen. Zo ka duba. Ba ni ganin zanen ga. Jiya ma ban gan shi ba."

Saifuddeen ya matso ya karɓi gejin da hannu biyu. Ya duba. "Ya ɗan haura na sama, Baba. Kamar faɗin farce."

Ɗanaudu ya koma kwari ya sake zuƙa. Aka sake dubawa. "Yanzu yana tsakanin biyun, Baba. Daidai."

Fasinja suka fara cusa kansu cikin mota, Fatimata na ƙirga kwandunanta tana yi musu ta'aziyya. Saifuddeen ya buɗe ƙofar gaba ya tsaya, wai surukinsa ya shiga su ƙarasa tare a dawo da shi. Ɗanaudu ya girgiza kai. Ya goge baki da bayan hannu.

"In ka dawo ka kai ta Birnin Kebbi a juye man ga duka, ya sha wuta. Kuma daga yau kar ka sake kawo min ita. Ko an turo ta, ka ce a wuce."

Ya ɗan jira. Wataƙila yana jiran a ce haba Baba, a'a Baba, ai hannunka daban ne.

"To, Baba," in ji Saifuddeen.

Ya faɗe ta a hankali, da ladabi, amma ba ta daɗe ba kafin ta fito.

Motar ta hau hanya. Ɗanaudu ya tsaya ya karkata kunne. Ta ɗauki giya ta ɗaya, ta miƙa wa ta biyu ba gardama, ta shiga ta uku. Can da ta yi nisa, ƙararta ta kusa ɓacewa, ya ji ta faɗa ta huɗu sumul. Giyar ba ta ƙone ba.

Mai kabu-kabun da ya kawo shi ya daɗe da samun wani fasinja ya tafi. Ɗanaudu ya ja buhunsa zuwa ƙarƙashin ƙayar, inda inuwar ta rage kamar faifai, ya zauna ya miƙe ƙafafu. Ya tofa yawu, ja. Ya sake tofawa, ja. Daga can wajen iyaka wani babur ya taho da jarkoki ɗaure har sun fi mai tuƙin tsawo, ba wurin ko kaza. Ɗanaudu bai ma ɗaga masa hannu ba. Ya jingina da ƙayar a hankali, yana neman inda ba ta suka.